Yadda ake bin rafin Cheonggyecheon a ƙafa, daga tsakiyar Seoul har mahaɗarsa

Cheonggyecheon rafi ne da ya ratsa tsakiyar Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, daga yamma ya yi gabas. A baki ana kiransa kamar "Cong-gye-con". Tsawonsa duka, in an ƙirga daga tushensa a duwatsu, ya kusa kilomita 11, amma inda jama'a ke zuwa shan iska shi ne kilomita 5.8 da aka tono aka gyara tsakanin 2003 da 2005, bayan ya shekara da shekaru a binne ƙarƙashin kwalta da gadar sama. Ba a biyan ko sisi, ba a kulle shi da dare, kuma duk inda ka hau sama daga bakinsa za ka sami tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a kusa.

Abin da ya kamata mai zuwa ya riƙe tun kafin ya taka matakalar farko shi ne, wurin nan magudanar ruwan birni ce da aka yi wa ado. Hanyar da ake takawa tana cikin kwarin da ruwan damina ke bi, mita 4 ko 5 ƙasa da titi, da katangar dutse dama da hagu. Sanyin wurin da shirunsa daga nan suka fito, haɗarinsa ma daga nan ne.

Ƙasar da ruwan

Tsohon birnin Seoul yana zaune ne kamar a cikin ƙwarya, tsakanin duwatsu huɗu: Bugaksan a arewa, Inwangsan a yamma, Namsan a kudu, Naksan a gabas. Duk ruwan da ya sauka a kansu gangarowa yake yi tsakiyar gari, ya taru a layi mafi kwari, ya fice ta gabas. Wannan layin shi ne rafin. Can gabas yake faɗawa cikin wani rafin da ya fi shi girma, Jungnangcheon, shi kuma ya zuba a kogin Han.

Ruwan sama a Seoul yakan kai milimita 1,400 a shekara, amma fiye da rabinsa a Yuni da Yuli da Agusta yake sauka. Shi ya sa tun asali rafin hali biyu gare shi: da damina ya yi toroƙo ya ci gidaje, sauran watanni kuma ya ƙafe, ba abin da ke gudana a cikinsa sai ruwan wanki da ƙazantar gari. Wanda ya san yadda Jakara ta ratsa birnin Kano ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

Ruwan da za ka gani yau garai-garai ba daga duwatsun nan yake zuwa ba. Inji ke kawo shi. An tsara a riƙa turo kimanin tan 120,000 kowace rana, mafi yawansa daga kogin Han bayan an tace shi, ragowar kuma ruwan da ke tsattsafowa a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Zurfinsa a yawancin wurare bai wuce santimita 40 ba, wato iya ƙauri zuwa gwiwa. Masu sukar aikin suna cewa wannan ba rafi ba ne, doguwar kwatarniya ce mai famfo, kuma maganarsu ba ta rasa gaskiya, musamman a sashen sama, wato wajen mafarinsa a yamma, inda gindin rafin ma shimfiɗa shi aka yi.

Yadda aka binne shi aka kuma tono shi

A 1394 sarautar Joseon ta mayar da babban birninta nan. Sarki Taejong ne ya fara ɗaukar rafin da muhimmanci: a 1412 ya tara ma'aikata sama da 50,000 suka faɗaɗa shi suka ɗaure bakinsa. Sunansa a lokacin Gaecheon, wato rafin da aka haƙa. Yashi da shara suka ci gaba da cike shi, har a 1760 Sarki Yeongjo ya sa aka yi gagarumar yasa, mutum wajen 200,000 cikin kwana 57. Sunan Cheonggyecheon, mai ma'anar rafi mai tsabtataccen ruwa, a zamanin mulkin mallakar Japan ya kama bakin mutane, a daidai lokacin da ruwan ya fi ƙazanta.

Bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 'yan gudun hijira suka cika bakinsa da bukkokin katako masu dogayen ƙafafu. Daga 1958 hukuma ta fara rufe shi da kankare, aikin da ya kai ƙarshen shekarun 1970, aka kuma ɗora gadar sama mai tsawon kilomita 5.6 a bisa titin. Kafin a rushe su, titin da gadar suna ɗaukar mota wajen 168,000 a rana. Lee Myung-bak, wanda ya zama magajin garin Seoul a 2002, ya fara rusau ranar 1 ga Yulin 2003, aka buɗe rafin ranar 1 ga Oktoban 2005, a kan kimanin won biliyan 386 a kuɗin Koriya. Cunkoson da aka yi ta tsoro bai zo yadda aka zata ba, har da dalilin gyaran tsarin motocin bas da aka yi a 2004. Shi kuwa Lee aikin ya yi masa tsani, a 2008 ya hau kujerar shugaban ƙasa.

Lokacin zuwa da abin riƙewa

Wata mafi daɗi su ne Afrilu da Mayu, sai kuma ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A Mayu itatuwan da ke jere a bakin titin sama suna yin farin fure, sai ka ce an watsa musu dafaffiyar shinkafa. Matsalar wannan lokacin ita ce ƙura da ke tasowa daga hamadar Mongoliya da arewacin Sin, irin hazonmu na hunturu, ga hayaƙin gari a kai. Ranar da sama ta yi fari-fari ka sayi takunkumi mai lamba KF94 a kantin magani, ko ka ɗage yawon.

Daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli damina ce sosai, Koriyawa na ce mata jangma, kuma ana yawan rufe hanyar. Agusta zafi ne mai gumi, don haka da yamma ake zuwa. An auna an ga bakin rafin ya fi titunan da ke kusa sanyi da digiri 3 zuwa 6, kuma jiki ma yana shaida hakan da zarar ka sauka. A Janairu sanyi kan sauka ƙasa da sifili, iska tana bin kwarin kamar an buɗe mata ƙofa. Ba safar hannu da hula mai rufe kunne, rabin sa'a ma ba za ka yi ba. Bikin fitilu da aka fara a 2009, inda ake jera manyan fitilun takarda a kan ruwa, a da a Nuwamba ake yinsa, a 'yan shekarun nan kuma ya koma wajen Disamba. Kyau kam akwai, amma a daren Asabar ba masaka tsinke.

Da tsakar rana, daga 12 zuwa 1, ma'aikatan ofis ke cika sashen sama, kowa da kofin kofi a hannu. Mai son ganin tsuntsaye ya yi sammako.

Takalmi shi ne kan gaba a kayan tafiya: mai gindin roba da ke kama ƙasa, ba silifa ba, ba kuma takalmin fata mai sulɓi ba. Sai ƙaramin tawul in kana da niyyar tsoma ƙafa, da gorar ruwa, da leda ta zuba shararka, don da wuya ka ga kwandon shara a ƙasa. Ka sayi katin T-money a tasha ko kantin unguwa, shi ake shiga jirgi da bas da shi. A waya kuwa ka sauke Naver Map ko KakaoMap, domin Google Maps ba ya nuna hanyar ƙafa yadda ya kamata a Koriya.

Ban ɗaki babu a cikin kwarin, saboda duk abin da aka gina a nan ruwa zai shanye shi. Sai an hau sama, a tashar jirgi ko a gine-ginen da suka buɗe nasu ga jama'a, kuma akwai alluna masu nuna mafi kusa. Mai tafiya da yara ya gama da wannan tun a tasha.

Dokar wurin ta hana wanka da kamun kifi da shan taba da girki, ta hana hawa keke a hanyar bakin ruwa ta sashen da aka gyara, kuma ba a shiga da kare a sashen sama. Zama a kan dutse a tsoma ƙafa kuwa kowa na yi.

In hadari ya taso

Wannan shi ne abin da baƙo ya fi yin kuskure a kai. A tsohon birnin Seoul ruwan sama da ruwan ƙazanta bututu ɗaya suke bi. Manyan kwalbatocin da ke ɗauke da su suna bayan katangun rafin, dama da hagu. Idan ka lura da kyau za ka ga wasu sassan katangar ƙofofi ne da aka yi musu fuskar dutse, sun fi 200 a tsawon rafin. Da ruwan sama ya cika kwalbatocin, nauyinsa ke tura ƙofofin su buɗe da kansu, ruwan ya kwararo kan hanyar da mutane ke tafiya. Da yake garin duk kwalta ne da rufin gini, ƙasa ba ta shan komai, ruwan minti 15 ya isa ya rufe hanyar. An gina kwarin ne yadda zai ɗauke irin ambaliyar da akan yi sau ɗaya a shekara 200, wato aikinsa ke nan ya cika.

To, da ka ji jiniya ko sanarwa a lasifika, ko da ba ka jin yaren, ka nufi matakala mafi kusa ka hau titi. Kada ka jira ka ga ruwa. Yana iya yiwuwa inda kake yayyafi ake yi, alhali a kan duwatsu ana tsuga shi kamar da bakin ƙwarya. Babban kuskure shi ne fakewa a ƙarƙashin gada. Hankali yana ba mutum cewa nan ne mafaka, amma da yawa daga ƙofofin nan a ƙarƙashin gadoji suke, kuma ruwa na iya datse ka gaba da baya. Kada ka yi ƙoƙarin tsallakawa ɗaya gefen ta kan duwatsun tsallake. In matakala ta yi nisa, akwai tsanin ƙarfe na gaggawa a jikin katanga a wurare da dama. Lambar 'yan kwana-kwana da motar asibiti 119 ce.

Ko bayan an ɗauke ruwa an buɗe hanya, ka ba rafin kwana ɗaya ko biyu kafin ka tsoma ƙafa. Abin da ya shigo ta ƙofofin nan ba ruwan sama zalla ba ne, hanci ma zai gaya maka, kuma wani lokaci har matattun kifaye akan gani.

Kilomita uku na farko

Ka bi ruwa, wato ka fara daga yamma. Ka sauka a tashar Gwanghwamun ta layi na 5 ka fita ta ƙofa ta 5, ko tashar City Hall ta layi na 1 da na 2 ka fita ta ƙofa ta 4. Alamar mafarin ba ta ɓata: wata ƙatuwar katantanwa mai ja da shuɗi, tsayinta mita 20, aikin Claes Oldenburg da Coosje van Bruggen na 2006. A bayanta ruwan ke zubowa daga tudu mai hawa biyu, nan ne bakin bututun da ya kawo shi. Ka gangara. Taku kaɗan za ka ji ƙarar motoci ta koma sama, ƙarar ruwa ta maye gurbinta. Akwai wurin da ake jefa tsabar kuɗi a ruwa, hukuma tana kwashewa ta ba da sadaka.

Gadoji 22 ne a kan sashen da aka gyara, kowace da sunanta a rubuce, kuma da su ake gane inda ake. Ta farko Mojeongyo, sunan da ta samo daga masu sayar da 'ya'yan itace da ke wurin a da. Ta biyu, Gwangtonggyo, ita ce ta fi cancantar a tsaya. Kada ka bi ta samanta, ƙarƙashinta za ka shiga ka dubi bangon. Za ka ga manyan duwatsu masu sassaƙen gajimare da siffofin mutane, wasu an kifa su kai a ƙasa. Daga kabarin Sarauniya Sindeok aka ciro su, kishiyar uwar Sarki Taejong, wadda ta so ɗanta ya gaji sarauta. Taejong ya hallaka 'ya'yanta maza biyu a rikicin 1398, ya fitar da kabarinta bayan gari a 1409, sannan da ambaliyar 1410 ta cinye gadar ƙasa da ke nan sai ya sa aka gina sabuwa da duwatsun kabarin, jama'a su yi ta bi ta kai. A jikin ginshiƙan kuma akwai rubutun da aka sassaƙa na shekarun da aka yashe rafin, har da yasar 1760. Gadar ta yi shekaru a binne ƙarƙashin titi. Da aka tono ta sai aka matsar da ita yamma da mita wajen 150 daga mazauninta na asali don kada ta tare motoci, abin da masana tarihi ba su yafe ba har yau.

Gaba kaɗan, wajen gadar Jangtonggyo, katangar hagu ta koma zane. Tayil ɗin tangaran ne sama da 5,000, tsawon kusan mita 190, ɗauke da hoton tawagar Sarki Jeongjo a tafiyarsa ta 1795 zuwa Hwaseong, inda kabarin mahaifinsa yake. Mutum sama da 1,700 da dawaki sama da 700, 'yan bindiga da masu tuta da makaɗa a kan doki, kowa a sahunsa, kamar hawan daushe. Ka nemi dokin sarki: za ka same shi da lema a kansa amma sirdin babu kowa, domin a al'adarsu ba a zana sarki a irin wannan hoto.

Gadar da ake kira Supyogyo a yau ta katako ce. Ta ainihin, ta dutse, wadda aka gina a 1420, an ɗauke ta lokacin da aka fara rufe rafin, tana lambun Jangchungdan a gindin Namsan. A gefenta ne a 1441, zamanin Sarki Sejong, aka kafa ma'aunin da ake duba tashin ruwa da shi.

A wannan sashen za ka fara cin karo da duwatsun tsallake, manya masu faɗin kai da aka jera daga gefe zuwa gefe. Taku ɗaya dutse ɗaya, ka sa ƙafa a tsakiya. Gefensu da ruwa ke shafa yana yin gansakuka mai santsi, da hunturu kuma ƙanƙara. A ba wanda ya riga hawa hanya ya gama tsallakowa, kuma a riƙe hannun yaro. Zurfin ba ya cin mutum, amma faɗuwa a kan dutse ba wasa ba ce, wayar da ta faɗa kuwa ta tafi.

Daga Gwansugyo zuwa Seungyo ka shigo unguwar masu sana'a. Dogon ginin nan da ya gitta rafin, Sewoon Sangga, na ƙarshen shekarun 1960 ne, matattarar kayan lantarki. Lungunan da ke kewaye da shi na maƙera ne da masu walda da masu sayar da kayan aiki, kodayake rusau yana cin su kaɗan-kaɗan. A Saebyeokdari, gadar da ke da rumfa kamar ta 'yan kasuwa, kasuwar Gwangjang tana hannun hagu, ta Bangsan tana dama. An ce sunan Bangsan daga tulin yashin da aka kwashe a 1760 ya samo asali, wanda ya yi tudu har daga baya aka shuka masa furanni.

Gwangjang, wadda aka kafa a 1905, nan kowa ke hawa cin abinci, kuma nan Musulmi zai buɗe ido. Wainar wake da ta yi suna, bindaetteok, ana yawan sa mata naman alade ko a soya ta da kitsensa. Abin da ake kira sundae hanjin alade ne da jini. Ƙananan naɗin shinkafa da ganyen teku da ake ce wa mayak gimbap galibi kayan lambu ne a ciki, amma ka tambaya. Kalmar alade a yarensu dwaeji ce, ka rubuta ta a waya ka nuna. Wanda ke son nama ya haƙura har Dongdaemun da ke can gaba: a unguwar Gwanghui-dong akwai gidajen abincin mutanen Uzbekistan masu gasa rago da dafa-duka, nan ma a tambayi yanka kafin a zauna.

Gadar Beodeuldari ta cancanci a hau samanta. A tsakiyarta akwai mutum-mutumin wani saurayi daga ƙugu zuwa sama, Jeon Tae-il, mai yankan yadi a kasuwar Pyeonghwa da ke nan gefe. Ranar 13 ga Nuwamban 1970, yana da shekara 22, ya cinna wa kansa wuta riƙe da littafin dokar ƙwadago, saboda halin da 'yan mata masu ɗinki ke ciki a ɗakunan sama na kasuwar, inda mutum ba ya iya miƙewa tsaye. Ƙungiyoyin ƙwadagon Koriya daga mutuwarsa suke ƙirga farfaɗowarsu. Kasuwar tana nan, har yanzu tufafi ake sayarwa.

A Ogansugyo ka yi kusan kilomita 3. Nan ganuwar birni ta tsallaka rafin a da, ta wata ƙofar ruwa mai baki biyar da aka rushe a farkon ƙarni na 20. Bakuna biyar da ke jikin katanga yanzu kwaikwayo ne. In ka hau sama, tsohuwar ƙofar gabas ta Dongdaemun tana hagu, ginin Dongdaemun Design Plaza na Zaha Hadid, wanda aka buɗe a 2014, yana dama. Yawancin baƙi a nan suke tsayawa, kuma wanda ke da sa'a ɗaya kacal ya ga abin da ya kamata.

In lokacin salla ya yi, ka tuna a Seoul alƙibla ba gabas take ba. Yamma ake kallo, a ɗan karkata arewa, wajen digiri 286. Wato ka fuskanci inda ruwan ke fitowa ka ɗan juya dama. Babban masallacin Seoul, na 1976, yana Itaewon: daga tashar Dongmyo da ke gaba kaɗan, layi na 6 zai kai ka, tasha ta shida.

Sashen ƙasa

Daga Dongdaemun rafin yana buɗewa, jama'a suna raguwa, dutsen gini yana ba ciyawa wuri. A ganinmu nan ne ya fi kama da rafi. Za ka ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a tsakiyar ruwa bai damu da kowa ba, ga fararen tsuntsaye dangin balbela, ga agwagin ruwa, ga manyan kifaye suna kwance a inuwar gada suna fuskantar ruwa. Ba a ba su abinci.

Tsakanin Dasangyo da Yeongdogyo an jera duwatsu masu gangare don tunawa da matan da ke wanki a nan. In ka hau sama a Yeongdogyo za ka faɗa kasuwar gwanjo ta Dongmyo, inda ake tula tufafi a ƙasa kowa na tonawa. Masu kasa kaya da ke bakin tsohon titin su ne suka fi ɗanɗana kuɗar gyaran rafin. An fara kwashe su zuwa filin wasa na Dongdaemun, da aka zo rushe shi kuma aka sake mayar da su wata kasuwa a Sinseol-dong a 2008. Masu shaguna kuwa an gina musu wata cibiya can kudu maso gabashin birni, amma da yawa kuɗin shago ya gagare su.

Bayan Hwanghakgyo akwai bango mai ƙananan tayil 20,000, kowanne da zane ko rubutun fatan wani mutum. Sai kuma, bayan Biudanggyo, ginshiƙai uku na kankare tsaye a tsakiyar ruwa, ɗaya cikakke, sauran an gutsure su. Ragowar gadar sama ce aka bari da gangan. Ka tsaya a gindinsu ka ɗaga kai: inda kake tsaye duhun kwalbati ne a da, titi yana daidai kan katanga, gadar kuma can saman ginshiƙan. A kusa da nan rafin Seongbukcheon ke shigowa daga arewa.

Gidan tarihin rafin yana hannun dama, daura da gadar Dumuldari, dogon gini mai fuskar gilashi. Shiga kyauta ne, ana rufewa ranar Litinin. Minti 40 sun isa, kuma hotunan bukkokin shekarun 1950 da 1960 kaɗai sun biya wahalar hawa. Gada ta 22 ita ce Gosanjagyo, mai ɗauke da laƙabin Kim Jeong-ho, wanda ya buga babbar taswirar Koriya a 1861. A wajen nan rafin Jeongneungcheon ke haɗuwa da shi, kuma wata gadar sama ta motoci, wadda ba a rushe ba, tana bin ruwan daga sama. Daga mafari zuwa nan tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce ba tsayawa, da tsaye-tsaye kuwa ka ware sa'a 3.

Mai keken guragu ko keken jariri ya duba taswira tun a gida, domin yawancin mashigai matakala ce, masu gangare kaɗan ne kuma da tazara a tsakaninsu. A wasu wurare hanyar gefe ɗaya tana ƙarewa, sai an tsallaka, kuma ba ko'ina ke da gadar ƙasa ba. Mai son keke kuwa ya bi layin kekuna da aka buɗe a bakin titin sama a 2021, daga mafari har Gosanjagyo. Kekunan haya na birni, Ttareungi, da waya ake buɗe su.

Wanda ƙafarsa ba ta gaji ba yana da sauran kilomita 2 da ɗoriya zuwa mahaɗa. Nan katanga ta ja baya, fadama ce da dogayen ciyayi, an keɓe ta saboda tsuntsaye masu ƙaura da ke sauka da hunturu. Kekuna suna bin gefen ruwa a wannan sashen da gudu, don haka ka tsaya a layin masu ƙafa. Tsakanin tashar Sindap da ta Yongdap akwai jerin itatuwan maesil, masu ƙananan 'ya'ya masu tsami, da ke yin fure a ƙarshen Maris, tun kafin sauran itatuwa su farka. Ƙasa kaɗan da inda rafin ya faɗa Jungnangcheon za ka ga Salgoji, gadar dutse mai tsawon mita 76 da aka fara a 1420 aka gama a 1483, kuma har yau ana bi ta kanta.

Wajen komawa a lura da abu ɗaya. Tashoshin Yongdu da Sindap da Yongdap suna ɗauke da lambar layi na 2, amma a kan reshe suke, jirginsu ba ya shiga tsakiyar gari, sai ka sauka a Sinseol-dong ka canja zuwa layi na 1, ko a Seongsu ka koma babban layin. Daga gadar Salgoji gara ka hau tudu zuwa tashar jami'ar Hanyang, wadda ke kan babban layi na 2. Ka shiga jirgin da ya nufi Wangsimni, tasha ta takwas ita ce City Hall.